Yarinyar da Dorina Ta Haye da Ita

Gidanmu na unguwar Lamorde a Yamai ba shi da nisa da kogi. Bayan sallar isha'i kakata, Iya Hadiza, Allah Ya jiƙanta, takan jawo kaskon garwashi ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Gaskiya gyaɗar ce ke kawo mu.

Akwai tatsuniyar da take yawan maimaitawa har muna gunaguni. Wata yarinya ce ta je wanki bakin ruwa, ta hau dutse ta zauna, ashe bayan dorina ne. Dorina ta haye da ita ƙetare, ta sauke ta a garin da ba ta jin maganar kowa. Manyan garin masu kunya ne, in ta kwafsa sai su kau da kai. Yara kuwa ba ruwansu. Iya takan maƙale murya ta kwaikwaye su: "Ke, me ya karkata miki baki? Ina uwarki? Me kuke ci a garinku?" Mu yi ta dariya. A bakin yaran nan yarinyar ta koyi yaren garin, ta girma, ta yi iyali.

Daga nan sai Iya ta tono gyaɗa ta ce, "To, ku tashi." Kowace tatsuniya da ƙurunƙus take rufe ta, ban da wannan. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Mu dai mun ɗauka haƙuri ake koya mana.

Bana na zo Lome aikin sa kai a wata 'yar makaranta. A aji Faransanci muke yi, da an fita hutu sai yaran su koma yarensu, ni kuma in tsaya sororo. Ba abin da ba su tambaya: ko ina da gashi a ƙarƙashin kallabi, ko a raƙumi na zo. Da wa'adina ya kusa cika, shugabar makarantar ta ce in zauna su ɗauke ni aiki. Ina son wurin nan. Innata kuma kullum a waya maganarta ɗaya, yaushe zan dawo.

Ran nan na ba yaran tatsuniyar dorina. Na kai inda Iya ke tsayawa, na ce su tashi. Ba wanda ya motsa. Wata 'yar mitsitsiya mai suna Afi ta ɗaga hannu.

"Madam, ta koma gidansu?"

Na ce mata sai gobe. Da yamma na kira Inna na tambaye ta. Sai ta ce:

"Ashe ba ki sani ba? Iya daga Damagaram ta biyo kakanku Yamai, ko gaisuwar Zabarmanci ba ta iya ba. Kullum cewa take baɗi za ta je gida. Har mahaifiyarta ta rasu ba ta je ba."

Tun ranar kaina a ɗaure yake. Iya da dariya take ba da labarin nan, ban taɓa ganin hawayenta ba. Gargaɗi take mana, ko cewa take ana iya yin gida a ko'ina? In ba ta yi nadama ba, me ya hana ta rufe shi? Wadda za ta gaya mini tana ƙasa.

Washegari na samu Afi a bakin famfo na ce mata yarinyar ba ta koma ba. Ta dube ni tana goge hannu a riga.

"Ke fa, Madam?"