Tsakanin Ƙirgi da Ƙirga

Sana'ata ta fari ƙirgi ce, wato fatar sa da aka feɗe aka shanya ba a jeme ba. Da jaki ɗaya na fara, ina bin kasuwanni daga Maigatari zuwa Gumel zuwa Sule Tankarkar, in na tara in kai Gagarawa, inda wani kamfanin Turawa yake da kanti a bakin tashar jirgin ƙasa. A shekarun da aka fara maganar mulkin kai, na kai ga raƙuma nake ɗaura wa kaya. Ba wayona kaɗai ya kai ni nan ba. Akwai wani Arɗo da ke zaune da jama'arsa arewa da Sule Tankarkar. Duk ranar Alhamis, ran kasuwar Maigatari, a zaurena yake sauka. Duk wanda zai sayar da sa a cikin mutanensa ta hannuna yake bi, in mahauta sun yanka kuma ƙirgin nawa ne. In ka cire Arɗo, ni mai jaki ɗaya ne.

Kamfanin nan da sayen gyaɗa da ƙirgi da ƙaro muka san shi, yana sayar mana da gishiri da kananzir da yadin akoko. Sai wata shekara kanti ya fara cika da abin da ba mu saba gani ba: keken hawa, keken ɗinki, kwanukan langa, fitilar ƙwai, har da akwatin rediyo. Mutane na ta murna, ni kuwa ina lura. Akwai wani mutumin Gumel da ke sauko da keken ɗinki daga Kano. Ba a yi damina biyu ba ya koma noma. 'Yan koli masu kwanuka ma suka yi shiru. Na ga duk abin da kamfani ya taɓa, akwai ɗan ƙasar da ya saki.

Akawun kantin Bakano ne mai daɗin baki, kullum cikin farin kaftani, da ɗan littafi mai baƙin bango da fensir a aljihun ƙirji. Ran nan yana duba mini fatu yana ware lamba ɗaya da lamba biyu, sai ya ce, "Maigida, albishirinka."

Na ce, "Goro, in labarin ya kai goro."

"Baturen kanti ya ce bana za mu fara sayen shanu da ransu, a loda su a jirgi zuwa Ikko."

Na ce, "Shekara goma kuna sayen riga, yanzu kuma mai rigar kuke so."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Shi ya sa nake son zama da kai. Ai kai za ka shige mana gaba. Ka kai ni wurin Arɗon nan naka mu gaisa, shi ke nan."

Kafin in tafi ya sa aka turo sabon keke, wai kyautar Bature ce. Na yi godiya, na sa aka ɗaure shi a kan raƙumi. A hanya nake ta juya maganar. Wanda ya sayi sa ya sayi fatarsa. In shanu suka tafi Ikko da ƙafafunsu huɗu, can za a feɗe su, ni me zan kai kanti? In kuma akawu ya san hanyar ruga, ranar da zai koma ba ya bukatar ɗan rakiya. Shekara goma ban taɓa shan ko shayin Bature ba, yau sai ga keke.

Na yi ta ja masa rai. Yau in ce ruwa ya ɓata hanya, gobe in ce Arɗo ba ya jin daɗi. A karo na uku da na kai kaya sai na ga ƙirgin da na shanya a inuwa, ba yankan wuƙa ko ɗaya, an jefa shi lamba biyu. Akawu ya ce damina ce ta taɓa shi. Mai yiwuwa ne. Ni dai na fahimci abin da na fahimta, na ce masa ya shirya ranar Litinin.

Ina kan doki, shi yana kan keken kamfani. Da muka wuce Sule Tankarkar muka shiga rairayi, sai keken ya ƙi, ya sauko ya saɓa shi a kafaɗa.

Na ce, "Malam akawu, wannan dokin naku kirki gare shi. Ya ɗauke ka, ka ɗauke shi."

Ya ce, "Bari dai, Maigida, ai bai saba da ƙauye ba."

Yana maganar yana share gumi, sai idona ya faɗa kan aljihunsa. Littafin nan yana ciki, fensir ya leƙo. Lokacin kuwa marka ce, daidai sa'ar da masu jangali ke yawo suna ƙirga shanu don haraji. Yaron goye ma a ƙasarmu ya san abin da littafi da fensir ke nufi a ruga. Bayan haka kuma, ko ba jangali, Bafulatani ba a tambayarsa yawan shanunsa. Shi da kansa ba ya ƙirga su, da kamanni ya san su, yana ganin ƙirga tana kore albarka. Maganar ta zo mini har baki, in ce ya kawo littafin in sa a jakar sirdi. Na haɗiye ta. Na ce a raina, bari ya je ya fasa tulunsa da hannunsa, Arɗo ya ga irin mutanen da ke neman sa, ni kuma ba a ce na hana ba.

Da hantsi muka isa, an gama tatsa, shanu ba su fita kiwo ba. Arɗo ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a gindin aduwa, aka kawo kindirmo.

Ya kira ni yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, yau da ƙafarka? Ko ƙirgi ya ƙare a duniya?"

Na ce, "Baƙo na kawo maka, Arɗo. Akawun kantin Gagarawa ne."

Akawu ya yi gaisuwa mai kyau, ya yaba nono, ya yi bayanin jirgi da yadda sa zai kai Ikko bai rame a hanya ba. Arɗo yana saurare yana gyaɗa kai, har na fara tsoron abin zai yi kyau. Sai akawu ya zaro littafi, ya lashi bakin fensir.

"To Baba Arɗo, don Bature ya san wagunun jirgi nawa zai nema, shanu nawa ne a garkenka? Da na jama'arka duka."

Arɗo ya ce, "'Yan ƙwarori ne. Abin da Allah ya ba marayu."

"Ai ko da kintace ne, Baba."

Yana faɗin haka sai ya juya wajen garke, ya miƙa fensir yana nuna su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Matan da ke wanke ƙore suka tsaya. Arɗo bai dubi akawu ba, ni ya duba. Ni kuwa na sa ido a cikin ƙwaryar nono.

Alhamis ta zo, Arɗo bai sauka a zaurena ba. Ta biyu ma haka. Na hau doki na je, na tarar da mashekari babu kowa, an tuge turaku, sawun shanu ya yi arewa. Sun ƙetara zuwa ƙasar Faransa, wajen Dungas.

Da na gaya wa akawu dalilin tashinsu, sai ya dube ni. Ya ce, "Ka ga littafin tun a hanya."

Na ce, "Na gani."

Daga ranar yana duba fatuna baki da baki, ni ma ina duba sikelinsa.

Bayan kaka na ɗauki huhun goro da kanwa na bi Arɗo har inda yake. Ya karɓe ni, aka kawo nono kamar kullum. Na fara rantsuwa cewa akawun nan ba mai jangali ba ne.

Ya ce, "Na sani. Mai jangali da dogari yake zuwa, ba da keke a kafaɗa ba. Amma takarda ƙafa gare ta. Yau tana kanti, gobe tana gaban hakimi." Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. "Shi baƙo ne, bai sani ba. Kai fa? Shekara nawa kana shan nonon nan? Na san ka mai ƙirgi, ban san ka koma mai ƙirga ba."

"Ban ƙirga ba, Arɗo."

"Ana yi kana zaune. Ko dai kana so a ƙirga, ko kuwa baƙonka kake so ya faɗi, ka rasa ramin da za ka jefa shi sai gidana. Wanne ne?"

Na ce na biyun ne. Na gaya masa tsoron da nake ji, cewa kamfani zai san hanya ya bar ni a baya.

Ya ce, "Da ka faɗa mini haka a zaurenka, da ni na san yadda zan sallame shi da fara'a. Kai ka zargi kamfani, ka zargi akawu, ashe har da ni a ciki."

Gaskiya ya faɗa. Na yi zaton in ya ga jirgi da Bature zai manta da zaurena.

Kamfani ya sami wani dillali a Gumel, suka loda shanu shekara biyu ko uku, sannan suka bari suka koma kan motoci. Ko za su riƙe ni da a ce na bi su da gaskiya, ban sani ba. Har yau raina ya fi ba ni za su yar da ni. Amma ba su suka raba ni da Arɗo ba. Na sayar da raƙuma biyu, na ƙara da fataucin wake da ƙaro, na rayu.

Sai bayan damina biyu Arɗo ya dawo da jama'arsa. A zauren wani yake sauka, can gabas da kara, inda ake sayar da shanu. Duk Alhamis in zai wuce ƙofata yakan tsaya, sanda a kafaɗa, ya ce, "Kaɗo, yaya ƙirgi?" Ya tsufa, haƙora sun zube, ga harshen Fillanci. Har ya rasu ban taɓa rabewa ba ko ƙirgi yake cewa ko ƙirga, ban kuma taɓa cewa ya maimaita ba.