Bishiyar Bayan Ɗakin Tikiti

Shekara goma sha tara Iya mai shara ta yi tana aiki a 'yar tashar jirgin ƙasa, inda jirgi biyu kacal ke tsayawa a rana. Sauran wucewa suke a guje, fasinjoji na watso ƙwallayen 'ya'yan itace ta taga. Ita kuwa akwai son sanin ƙwaƙwaf. Duk ƙwallon da ba ta gane ba sai ta binne shi a bayan ɗakin tikiti, ta ga me zai fito.

Ɗaya ne ya tsiro, ya zama bishiya har ta wuce rufin tashar, amma ba ta taɓa yin 'ya'ya ba, kuma ba wanda ya san sunanta. Mai ɗaga wa jirgi tuta yakan tsokane ta: "Yaya, kina renon ɗan da ba ki san ubansa ba."

Wata rana da hantsi wani dattijo baƙo da ke jiran jirgi ya murza ganyen, ya shinshina, ya yi dariya.

"Baiwar Allah, a garinmu ba gidan da babu ita. Amma wannan namiji ne, macen ce ke 'ya'ya."

Iya ta riƙe haɓa. "Itace ma, Baba?"

"Itace ma."

Ta ajiye tsintsiya, ta dinga jero masa tambayoyi har jirginsa ya iso. Bayan mako uku direban jirgi ya miƙo mata dashen macen a cikin gwangwani, ya ce saƙon dattijon ne.