Katin da Ya Kai Ni Dashe

Shekarar da zan yi aure ina da ɗan shagon kwamfuta a Birnin Kebbi, ina buga wa mutane katin gayyata. Akwai wani rubutu da nake ji da shi: siriri, a karkace, kowane harafi da ɗan takalminsa a ƙafa. Ban sa wa mai sayar da taki ko mai cigiyar akuya. Sai biki, sai suna. To, a ce ranar nawa auren in rasa shi? Haba!

Na kai wa mahaifin amarya gwaji. Manomin shinkafa ne a Zauro, bai cika dariya ba. Ya nisanta takardar da ido, ya ce, "Mi ya kada sunana? Ambaliya?"

Na ce, "Baba, ado ne. Ai shinkafar da ta nuna ita ke sunkuyawa."

"Kai za ka koya man shinkafa? Wadda ta nuna kai takan duƙar. Wagga tun daga gindi ta kwanta, asara ce. Sunana bai kwanciya, in ko ya kwanta ɗiyata na nan gida."

Raina ya ɓaci, wallahi, amma na ce to. Na miƙar da sunansa ƙyam, na bar na gidanmu a karkace. Ya ji daɗi, ya ce haka ya dace, masu nema su ke rusunawa.

Sai dai ina da kawu a Argungu, shi ne waliyyina, kuma shi ma bai iya rusunawa ba. Shaiɗan ya raɗa mini dabara: na buga kati kashi biyu. Na Argungu, mu a tsaye, Baba a kwance. Na ce wa zai haɗa su?

Zafi ya haɗa su. Ranar ɗaurin aure, kafin liman ya iso, kawu ya zaro katinsa yana fifita, gwiwa da gwiwa da Baba. Ina hango idon Baba yana bin katin, dama, hagu, dama. Ya miƙa hannu ya karɓa. Ya zaro nasa, ya jera su bisa tabarma. Na ce shi ke nan, goro ya tashi a banza.

Baba ya yafuto ni. Na durƙusa har goshina na neman ƙasa. Ya dube ni, ya ce, "Ashe bayanka na lanƙwasa haka? Madalla. Na ba ka ita. Dashen shinkafa ya kusa."

Damina tara ke nan ban tsallake ko ɗaya ba. Ina duƙe cikin laka har gwiwa, shi yana tsaye bisa kunyar gona da katin Argungu, yana fifita.