Mai Eriya Biyu a Bakin Tur'a

Tun da shabaka, wato layin waya, ta ɗauke a ƙauyukan Managil, Raliya ba ta ga wanda ya gaji kamar baƙon nan ba. Tana zaune a barandar asibitin ƙauye, jikarta mai zazzaɓi a cinya, tana kallonsa yana jan waya cikin rana. Dogo ne mai ɗan doro, jallabiyarsa ta koɗe, tabaransa ɗaure da zare. Ya kafa eriya ɗaya a kan rufi, ga shi yana kai ta biyu can bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, yana tsayawa yana dafe ƙugu. A ranta ta ce, wataƙila dā mai ofis ne a birnin Madani, yaƙi ya koro shi.

Da ya zo shan ruwa ta ce, "Ɗana, ɗaya ba ta isa ba?"

"Hajja, saƙon rediyo daga sama yake faɗowa. In ya dushe a nan, waccan ta kama. Da haka in mun nemi magani, amsar masu magani za ta iso mu."

"Iyalinka fa, suna jin ka?"

Ya ajiye kofin. "Su ko ɗaya ba su da ita," ya ce.