Gudun da Na Yi wa Alhaji a Maraɗi

Shekarar da na ajiye aikin jinya a asibitin gwamnati, wata ƙungiyar agaji ta nemi masu sa kai su je Maraɗi su kama hannu a ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadajen asibiti da yara. Na ba da sunana tun kafin in shawarci matata. Da ta ji, ta ce ashe dai zan ga ƙasar waje kafin in mutu. Da ta ji kuma unguwar da za a sauke ni sunanta Zariya, alhali a Zariya muke zaune, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in gaishe mata da maƙwabta.

Ban da tufafi, abu biyu na sa a jaka da hannuna: na'urar awon jini da farin takalmin gudu. Hawan jini a gidanmu gado ne. Mahaifina a gona ya faɗi, yayana a ƙofar shagonsa, dukansu ɓarin jiki ya shanye, kuma ni na yi jinyarsu. Na san nauyin babban mutum idan ana juya shi a kan tabarma, na san yadda yake kau da ido don kunya. Ba na so a juya ni. Shi ya sa nake shan maganina kamar ibada, kuma kowace safiya bayan sallar asuba sai na yi gudu.

An sauke ni a gidan wani Alhaji, babban ɗan kasuwar aya da wake, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin hannu. Kilishi abokin hirarsa ne, shayinsa kuwa don yawan sukari cokali na iya tsayuwa a ciki. A makon farko na ɗaura masa na'urata don wasa. Abin da na gani ya sa na kwance na sake ɗaurawa.

"Alhaji, jininka ya hau ƙwarai."

"Tansiyo? An sha gaya mani," in ji shi, yana miƙo mini kilishi. "Ci wanga, lokotoro, na Madawa ne."

Ni ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne, amma a Maraɗi duk wanda ya rataya abin awo a wuya sunansa lokotoro. Na samo masa magani, na ce ya rage gishiri, ya riƙa tattaki da safe. Ya karɓi maganin hannu biyu, ya yi godiya, ya ajiye shi a saman kwaba kusa da hulunansa.

Gudun farko da na yi a garin bai yi nisa ba. Ina hawa kwalta sai ga ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓa a bakinmu, ya sha gabana.

"Lokotoro, mi ya hwaru? Hau mu tahi!"

"Ba komai, motsa jiki nake."

"To hau, ka motsa shi bisa moto."

Kafin in sake buɗe baki wani ya tsaya, wani ma ya tsaya, aka kama ni da ladabi aka ɗora. Mutumin ya tsula gudu yana ta ham, ya dire ni a ƙofar ƙaramin asibitin da nake aiki, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce Allah ya ba mara lafiyar sauƙi. Maigadi ya wangale ƙofa a ruɗe. Na tsaya a tsakar asibiti da shuɗin wandon gudu, babu mara lafiya, babu gumi. Da na juya zan koma gida da gudu, wani ya ɗauke ni ya mayar da ni asibitin.

Shugabar ma'aikatan jinyarmu, wadda ake kira manjo, wata Kirista ce 'yar Tsibiri, mace mai ƙarancin magana. Ita ta fahimtar da ni. Ta ce a nan babban mutum ba ya gudu sai da dalili, ma'aikacin asibiti kuwa dalilinsa ɗaya ne, wani na gab da mutuwa. Na ce wannan a cikin birni ke nan, bari in gwada bayan gari. Ta dube ni kawai ta ci gaba da naɗe bandeji.

Ranar da muka je Tsibiri awon yara, na ce direba ya sauke ni kafin shiga gari in ƙarasa da ƙafa. Gudun ya yi daɗi, ga gero ya yi kai hagu da dama. Sai dai na zarce ƙarfina, ina shiga gari numfashi ya ƙare, na dafa ƙofar gidan farko ina haki. Matar gidan ta leƙo, ta ga lokotoro a ƙofarta ya kasa magana. Mijinta yana Agadas wurin nema. Ta ɗora hannu a ka ta ƙwala ihu. Ina ɗaga mata hannu alamar ta dakata, tana ƙara sauti. Kafin numfashina ya dawo maƙwabta sun fito da tabarmi, wani dattijo har ya gyara zama zai fara addu'a. Sai da manjo ta iso ta rantse musu cewa mijin yana nan da ransa, iyakar saninmu. Matar ta share hawaye, ta dama mini fura mai sanyi, ta tsaya har na shanye, sannan ta ce don girman Allah in gajiya ta sake kama ni in nemi ƙofar wani.

A Jiratawa kuwa, tsakanin lambunan zogale na bi, inda na tabbata ba kabu-kabu. Can na ji ƙafafu a bayana. Na waiga, sai ga manoma a jere, wasu da fartanya, wasu da sanda, suna bina bilhaƙƙi. Na ƙara wuta, suka ƙara. A gindin wani mangwaro duk muka zube muna kallon juna. Na gaba ya ce shi ya ɗauka maciji ya sari wani. Na tsakiya ya ce shi an ce masa ruwa ya fasa madatsa. Na ƙarshe ɓarawo yake bi, kuma bai ji daɗi ba da ya tarar babu. Wani tsoho a cikinsu ya miƙe ƙafa ya lanƙwasa, ya ce ikon Allah, gwiwarsa ta saki.

Abin dariya ne, amma ni raina ya ɓaci. Kwanaki suna wucewa ban yi gudun kirki ba, na auna kaina na ga jinina ya fara hawa, tsoro ya kama ni sosai. Na kai kuka wurin Alhaji muna shan shayi a ƙofar gida. Ya saurara har na gama, yana murza gemu.

"Lokotoro, in tambaye ka. Mutum in ya tsuhwa bai iya zuwa Makka, ɗansa na yi mashi aikin hajji?"

"Yana yi."

"Ladar ta wa?"

"Ta tsohon."

"Madalla. Kai kana son hanya, ni kuma ka ce in yi tattaki. Mutum kamata bai yawo cikin gari da ƙahwa, sai a ce kasuwa ta karye. Ni in buɗe maka hanya, kai ka riƙa ƙara zagaye guda da niyyata."

Na ce Alhaji, jini ba ya karɓar wakili. Ya ce na taɓa gwadawa? Na ce wannan ba magana ba ce. Ya ce to ban gwada ba ke nan.

Washegari ya aika aka kira shugaban 'yan kabu-kabu da na masu a-daidaita-sahu, ya cika su da shayi da kilishi, ya kafa doka. Duk wanda ya ga lokotoro da shuɗin wando da farin takalmi, kada ya kuskura ya ɗauke shi.

"Sipor shikai, motsa jiki," in ji Alhaji. "Kuma rabin gudun nawa ne. Ko ya ɗaga maku hannu, ko ya roƙe ku, kar ku ji tausai nai. Gajiya ce, zagayena shika son tsallakewa."

An maimaita sanarwar a masallacin unguwa bayan la'asar. Maraɗi gari ne mai riƙe magana. Daga ranar hanya ta zama tawa. 'Yan kabu-kabu na wuce ni suna ɗaga babban yatsa, suna "Kuraj, lokotoro!" wato in ƙara himma. Mai shayin bakin kwalta kullum sai ya tambaya, "Wanga naka ne ko na Alhaji?" Ina kuwa yin zagayen nasa, don ƙarin gudun ni yake wa amfani. Ina dawowa zan tarar da shi a kan kujerarsa yana jira.

"An yi nawa?"

"An yi, Alhaji. Ka sha maganin?"

"Shi ya sa na ji jikina sakayau yau."

Magani sai kansa ya yi ciwo yake haɗiyar ƙwaya ɗaya. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ba shi labarin mahaifina da yayana. Ya yi musu addu'a da gaske, ya ce in ci kilishi. Na haɗa baki da matarsa, Hajiya, ta daka maganin a kunu, kurɓa ɗaya ya yi ya ce gero ya fara ɗaci a ƙasar nan. In na auna shi na nuna masa jinin bai sauka ba, sai ya ce ai ga shaida nan, ina yi masa zagayensa da kasala. Na so mutumin nan ƙwarai, kuma ban taɓa jin haushin wani mara lafiya kamar yadda na ji nasa ba.

Wata safiya na dawo daga gudu ban ji "An yi nawa?" ba. Yana kan kujerar, amma ya karkace, kofin shayi a ƙasa, bakinsa ya ja gefe. Na ɗaga hannunsa na dama na saki, ya faɗi kamar tsumma. Na san wannan hannun, na taɓa ɗaga irinsa sau biyu. Na kwantar da shi a gefensa, na ƙwala wa Hajiya kira. Motarsa ta tafi ɗauko kaya tun jiya, wayata ta mutu don an kwana babu wuta, tasa kuma a kulle da lambobin da shi kaɗai ya sani. A irin wannan ciwo jinkiri kaɗan ke raba mai tashi da wanda za a riƙa juyawa. Na bar shi a hannun Hajiya na fita da gudu neman abin hawa, da shuɗin wandona da farin takalmina.

Na hau kwalta ina ɗaga hannu biyu. A-daidaita na farko ya wuce yana mini ham na gaisuwa. Na biyu ya ce "Kuraj!" Mai shayi ya leƙo ya ce yau lokotoro ya ji daɗin garin, har da ƙari. Na bi wani ɗan kabu-kabu ina ihu ya tsaya don Allah, sai ya rage gudu daidai kafaɗata, fuskarsa cike da tausayi.

"Wallai an hana mu, lokotoro. An ce ko ka roƙa. Daure, saura kaɗan!"

Ya murɗa ya tafi. Ban taɓa yin gudu irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin wauta da baƙin ciki sun haɗu a ƙirjina haka ba. Gari guda na tafa mini, Alhaji na can yana tafiya.

Sai na tsaya. Na tuɓe takalman na yi jifa da su, na kwanta a tsakiyar kwalta na miƙe ƙafafu na rufe ido. Nan take na ji birki ta ko'ina. "Sipor ya kashe lokotoro!" Aka yi caa a kaina, masu fifita na yi, masu yayyafa ruwa na yi, aka cicciɓe ni aka sa a a-daidaita, aka nufi babban asibiti da ni. Na tashi zaune na damƙi wuyan rigar direban ta baya.

"Gidan Alhaji! Shi ne ya faɗi!"

Direban ya kusa afka wa rumfar mai burodi don firgita, amma ya juya.

Alhaji ya rayu. Ɓarin dama ya yi rauni, magana ta koma a hankali, kamar mai tauna kowace kalma. A kwanakin farko ni na riƙa juya shi a gadon asibiti, yana kau da ido, ni ma ina kau da nawa. Takalmana shugaban 'yan kabu-kabu ne ya kawo su gida da kansa, a wanke, ya tsuguna a zaure ya ajiye su a gabana. Lokacin aikina ya cika, na roƙi ƙungiyar ta ƙara mini, na gaya wa matata ƙasar waje ta riƙe ni.

Da aka sallamo shi, likitoci suka ce dole ya riƙa takawa kowace safiya. Ran farko na riƙe shi ta dama, sanda a ƙarƙashin hannunsa, Hajiya na leƙe ta bayan ƙyaure tana share ido da gefen mayafi. Burinmu bishiyar dogon yaro da ke ƙarshen katangar gidan, wadda a da tofin yawunsa ma zai iya kaiwa. Yana jan ƙafar, yana tsayawa, gumi na zuba. Wani ɗan kabu-kabu ya hango mu ya taho da sauri ya ce Alhaji ya hau ya kai shi.

"Wuce," in ji Alhaji da karkataccen bakinsa. "Sipor nikai."

Da muka isa ya jingina da bishiyar, ya daɗe yana haki. Sannan ya juyo ya dube ni, ya tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Lokotoro. Wanga zagaye, da niyyarka na yi shi."

Ni da na shafe watanni ina gaya masa jini ba ya karɓar wakili, sai na ji bakina ya ce, "Na gode, Alhaji. Allah ya karɓa."