Wasiƙar da Na Rubuta wa Maƙwabcina

A benenmu na Minguettes, a Vénissieux, ni ne mai rubuta wa mutane wasiƙa. Daga Damagaram na zo Lyon karatun harkar mulki, na gama, na ƙare da ɗaukar kwalaye a wani sito a Saint-Fons, amma girman kan boko bai sake ni ba. Duk wanda takardar hukuma ta ɗaure wa kai ƙofata yake ƙwanƙwasawa, ni kuma in gyara zama in ɗauko alƙalami kamar wani gwamna.

Maƙwabcina ɗan kudancin Sudan ne, dogo, Kirista, malamin makaranta kafin yaƙi ya koro shi da matarsa da 'yarsu. Tare muke aiki. Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba, saboda haka da guntun Larabcina muke hira, yana tsokanata wai ko ruwa zan roƙa sai na yi kamar mai huɗuba.

Da yankinsu ya ɓalle ya zama ƙasa, bawan Allahn nan ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce zai koma ya buɗe makaranta a garinsu, in ta kankama iyali su bi shi. Sai dai takardarsa ta ɗan gudun hijira ce, kuma mai irinta ba ya komawa inda ya gudo sai ya ajiye ta. Matarsa ta ce ya dakata tukuna. Ta ce ta san sababbin shugabannin nan tun suna daji, maƙiyi ɗaya ne kawai ya haɗa kansu, yanzu kuma babu shi.

Ni na rufe mata baki. Na kawo zancen tsarin mulki, da rabon muƙamai, da idon duniya da ke kansu, duk abin da na haddace a aji. Ita ko karatu ba ta yi ba. Sai na ɗauka na gamsar da ita. Na zauna na rubuta wasiƙar ajiye takardar, na zuba Faransanci har na burge kaina. Ni na raka shi Paris, muka sauka wurin 'yan garinmu a Montreuil, washegari na kai shi filin jirgi yana ta yi mini godiya.

Ba a yi shekara biyu ba manyan nasu suka juya wa juna bindiga, kowa ya ja ƙabilarsa. Aka ƙone makarantar tun ba a gama sa mata tagogi ba. Ya kira daga wani sansani, murya a dushe, yana tambaya ko akwai hanyar dawowa.

Matar ta zo ƙofata da farar takarda. Ta ce, "Malam, waccan ka rubuta ta da kyau, nan da nan suka amince. Rubuta wannan ma da kyau haka."

Ba gatse take yi ba. Da gatse ne da na fi samun sauƙi. Na rubuta, na sake rubutawa, har na daina ƙirga. Amsa takan zo cikin ladabi: shi ya tafi da ƙafarsa, sai a fara komai daga farko, kuma sai ya kai kansa ofishin jakadancin Faransa. Tsakaninsa da ofishin kuwa akwai shingayen mutanen da ke tambayar ƙabila kafin suna. Ana nan wayarsa ta daina shiga. Babu wanda ya ce ya ga gawarsa, babu wanda ya ce ya gan shi. Ni dai na daina cin abinci da daɗi.

Bayan shekara uku matar ta kawo mini takardar sabunta zamansu a gidan da suke. Na cike suna, na cike adireshi, na zo wurin da ake tambaya ko matar aure ce ko mijinta ya rasu. Alƙalamin ya tsaya. Ta tambaye ni wanne za a sa, tunda ni na yi karatu.

Na ce, "Wallahi ban sani ba."

Ta dube ni, babu fushi a fuskarta. Sannan ta ninke takardar ta miƙe, ta ce a hankali, "Ashe ka iya faɗin haka, Malam."