Ranar da Mutawakkil Ya Rufe Wa Kansa Ƙofa

A Dutsin-Ma, in aka ce Injiniya, wasu sun san Mutawakkil ake nufi, ko da yake shi ya raɗa wa kansa sunan. Wani ƙaramin kamfani yake yi wa aiki, yana kula da wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda aka ajiye a Kurfi saboda can suke da sola. Cikinta akwai wasu kwamfutoci takwas da ido ba ya gani, kowacce na yi wa wani aiki. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne daga kan kujerarsa yake juya su duka.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda wannan aiki ba ne: mahaifinsa, Malam Yero na Kutawa, wanda ya tsufa a bayan shanu. Ko an tambaye shi me ɗansa ke yi, sai ya ce yana gari. Abin yana ci wa Mutawakkil rai ƙwarai, ya daɗe yana roƙon tsohon ya zo ya gani. Ranar kasuwar Kurfi tsohon ya zo wurinsa a Dutsin-Ma, ya zauna, ya jingine sandarsa.

To, maimakon ya nuna abin da ya saba, sai Injiniya ya zaɓi mai wuya. Ya ce yanzu zai gina gada a cikin sabar, yadda duka takwas ɗin za su fita intanet ta waya guda. Ya cire adireshin sabar daga kan wayar don ya mayar kan gadar, ya danna da yatsa ɗaya, har da waiwaye. Ya manta ta wannan adireshin shi kansa yake shiga. Allo ya tsaya cak. Shi da bakinsa yake faɗa yanzu, yana dariya, cewa minti goma ya yi yana danne-dannen banza don kada shiru ya yi yawa.

“Ta mutu?” in ji tsohon.

“A'a, Baffa. Tana nan lafiya, ni ne ba ta ji.”

Haka suka hau babur, uba a baya, ɗa a gaba kunya kamar ta kashe shi. A Kurfi ya durƙusa cikin ɗaki mai zafi, ya jona kibod, ya rubuta layi biyu, komai ya dawo. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Malam Yero na bakin ƙofa yana kallo.

Da suka fito sai tsohon ya ja shi cikin kasuwa, wajen dillalan shanu, ya tsayar da wani abokinsa Rabo, ya dafa kafaɗar Mutawakkil.

“Wanga ɗana ne,” ya ce. “Shi ma kiwo shike yi. Yau nashi suka ɓace mishi, guda takwas, kuma da ƙafarshi ya biyo sawu ya maido su.”